Funfunar da Ta Kai Ni Italiya

Da hantsi jirgin ƙasa ya sauke ni a garin, ni da jaka biyu da takardar gayyata, ban tarar da kowa yana jirana ba. An ce mini wata ɗaliba za ta zo taryata. Na tsaya gindin wani babban agogo har ƙafa ta gaji, na zauna a kan jaka ina kallon mutane suna wucewa kamar ana korarsu.

Ni malamar ilmin halittu ce a wata kwaleji a jiharmu, gidanmu yana Takur a Dutse, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Zariya ba. Wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu binciken kimiyya ce ta ba ni damar zuwa arewacin Italiya, in yi watanni a ɗakin binciken wata farfesa. Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Na baro maigidana, Baban Ummi, a Takur. Ummin kuma, da ban daɗe da yaye ta ba, na kai wa Innata a Taura.

Ina nan zaune sai wata mata baƙa, mai jiki, da gashin kanti har kafaɗa, ta tsaya a kaina ta tambaye ni da Turancinmu na gida ko daga Najeriya nake. Wallahi ji na yi kamar an yaye mini bargon zafi. Ta karanta takardata, ta ce ai yau ba wanda zan samu a jami'a, in zo gidanta in huta, gobe ta kai ni da kanta. Ta ce in riƙa ce mata Anti. Har babbar jakar ita ta ja mini.

Gidan nata tsaf yake, a hawa na sama. Ta zubo mini shinkafa da miya mai yaji, na ci ina godiya. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne 'yan mata da na gani kwance a katifu a ɗaya ɗakin, suna barci da tsakar rana. Da la'asar suka tashi suka fara shiri, ana ta shafe-shafe, ana saka tufafin da ko a cikin ɗaki ni ba zan iya sakawa ba, ga garin da sanyi. Ƙaramarsu ba ta girmi ɗalibaina ba. Anti ta zauna kusa da ni, ta ce garin nan ɓarayi sun yi yawa, in kawo fasfo ta ajiye mini. Ta ƙara da cewa abin da jami'a ke bai wa ɗalibai ba ya riƙe mutum, ita za ta nuna mini yadda mace ke tsayawa da ƙafarta a nan.

Na ce bari in yi salla tukuna. Ina alwala sai ƙaramar yarinyar ta shigo kamar za ta wanke hannu. Ba ta dube ni ba, madubi take kallo, ta ce a hankali, "In kika ba ta littafin nan, ba za ki sake ganinsa ba."

Fasfon yana cikin wata 'yar lalita da Inna ta ɗinka mini, ɗaure a ƙuguna. Da na idar na ce wa Anti zan sauka in buga wa maigidana waya, in na dawo sai in ba ta. Ta ce in bar kayan. Na rataya ƙaramar jakar da ke da takarduna da darduma, na sauka, ban waiwaya ba. A babbar jakar aka bar kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, da rigunan sanyin da Baban Ummi ya sha yawo a Kano kafin ya samo. Na yi kukan jakar nan daga baya. Amma abin da ya fi zama mini a rai har yau shi ne ban tambayi yarinyar sunanta ba.

Direban bas na nuna wa takardar, shi ya sauke ni a ƙofar jami'a ana gab da magariba. Ashe a buɗe take, ba wani hutu. Ashe kuma tashar jirgi biyu ce a garin, ɗalibar da aka aika, wata 'yar Sin mai suna Lin, ta wuni tana jirana a ɗayar. Farfesa Marta, gajeriyar mace mai furfura da askakken gashi irin na maza, ta saurari labarina tana zuƙar taba. Ta saka ni a motarta ta kai ni gidan wata tsohuwa maƙwabciyar mahaifiyarta, mai ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki. Kowa Nonna yake ce wa tsohuwar, wato kaka, ni ma na bi sahu.

Washegari Farfesa ta ce in zo ta nuna mini abin da zan yi aiki a kansa. Ni a zatona wata na'ura zan gani. Sai ta miƙo mini ɗan faifan gilashi mai murfi, a cikinsa wani abu ruwan goro ya yi lif kamar auduga. Na duba, na sake dubawa. Funfuna ce. Irin wadda ke fitowa a totuwar masara da damina, idan an gasa an ci an yar a bayan danga. A raina na ce, yanzu saboda wannan na yaye 'yata na tsallako teku?

Ta ja ni wani ɗaki da ba taga, ƙofarsa biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Fitila ɗaya ce a kunne a ciki, ja, mai rauni. Ta ce funfunar ba ta ganin jan haske, a wurinta ɗakin duhu ne ƙirin. Ta ciro faifai biyu waɗanda tun da aka shuka su ba su taɓa ganin rana ba, ta ce duk fari ne fat. Ta naɗe ɗaya ta mayar akwati. Ɗayan ta sa a ƙarƙashin wata farar fitila ta kunna, bai kai lokacin da mutum zai karanta Fatiha sau biyu ba ta kashe, ta mayar da shi duhu. Ta ce mu je mu sha shayi.

Da yamma muka fito da su waje. Wanda aka naɗe yana nan fari. Wanda ya ga fitila ya fara ɗaukar launin goro.

Na san karatun tun a aji. Na sha koya wa ɗalibai cewa a cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙwayoyin gado, umarnin da ɗa ke gada daga iyaye, kuma ba duka suke aiki lokaci guda ba, kowacce tana da makunni a gabanta da ke buɗe ta ko rufe ta. Amma a allo nake zana shi da alli. Ban taɓa gani da idona ba. Abin da ya kama ni shi ne fitilar ta daɗe a kashe, amma saƙonta ya shiga, abu mara ido mara kunne ya karɓa ya kama aiki a cikin duhu. Na tsaya riƙe da faifan har Farfesa ta yi dariya, karo na farko.

Aikina, in ji ta, shi ne in yanko makunnin nan mai jin haske, in liƙa shi a gaban wata ƙwayar gado daban, wadda ke kare funfuna daga wata guba. Sai in mayar da su cikin funfunar, in shuka ta a abinci mai gubar. Idan dabarar ta yi, wadda ke cikin haske za ta rayu, wadda ke duhu ta mutu. Idan kuwa aka iya haka da wannan, to wata rana za a iya ba kowace ƙwayar gado umarni da fitila, a ce mata fara, a ce mata tsaya, ba tare da an taɓa halittar da hannu ba.

Lin ce ta koya mini aikin hannu. Komai ɗigo-ɗigo ne, ruwa fari a kan ruwa fari, ba ka ganin abin da kake yankawa, sai dai ka yarda yana nan. Turancinta da nawa ba su cika jituwa ba, amma a jan ɗakin nan, inda ba ka ganin fuskar mutum sosai, hira ta fi sauƙi. A nan na ji ita ma ta baro ɗa a wurin surukarta, ya kusa shiga makaranta, a hoto take ganin girmansa.

Sanyin gaske ya shigo tare da azumi. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, kuma kafin a ce la'asar ta yi sanyi har ta faɗi. Ban taɓa yin azumi mai gajarta irin wannan ba, ban kuma taɓa yin mai nauyinsa ba. Ba kiran salla, ba ƙamshin ƙosai daga maƙwabta, ba yaro da zai shigo da kwanon kunu. Ni da Nonna da hannu muke magana. Ranar da na samu na fahimtar da ita ba na cin alade, ta juya tana kallon tukwanenta. Washegari na tarar ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a mariƙi, ta nuna ta, ta nuna ni. A cikinta take dafa mini wake da taliya, ta zauna tana leƙen taga, da gari ya yi duhu ta buga cokali a tebur, wato in sha ruwa. Rigar sanyin da na yi hunturu da ita ta marigayi mijinta ce.

A cikin azumin kaset ya iso daga gida. Baban Ummi ya je Taura da rediyo ya ɗauko mini muryoyinsu. Inna ta yi gaisuwa da addu'a, aka yi ta lallashin Ummi ta ce wani abu, ta ƙi, daga ƙarshe ta ce akuya ta haihu. Ni kuwa ba maganar na fi saurara ba. Bayanta nake saurara: ana daka a maƙwabta, zakara ya yi cara, wani ya yi sallama a zaure. Na juya kaset ɗin nan har ya fara jan murya.

Duk Asabar Baban Ummi yakan je wani shagon waya a Dutse ya zauna a benci, ni kuma in bugo daga can. A irin wannan hira ce ya gaya mini Baffa ya kira shi Aujara. Baffa ƙanin mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi, kuma shi ne babba a makarantar gidansu. Ya ce masa da can ana kawar da kai, amma yanzu da ake wa'azi a ko'ina a kan tafiyar mace ba muharrami, bai dace a ce daga gidan malamai aka samu haka ba. Na tambaye shi me ya ce. Ya ce ya shaida wa Baffa shi ya ba ni izini, kuma in akwai laifi a wuyansa yake. Ya ce in yi abin da ya kai ni, wannan nasa ne. Amma na ji gajiya a muryarsa, kuma na san ba sau ɗaya aka kira shi ba.

A nan ɓangaren ma ban tsira ba. A lokacin kullum sai an nuna arewacin Najeriya a talabijin ɗinsu, ana maganar hukuncin da wata kotu ta yanke wa wata mata. Wata rana na dawo na tarar da Nonna a gaban akwatin tana share hawaye. Ta kama hannuna da hannu biyu tana girgiza kai, tana nuna ɗakina, wato in zauna a nan, kada in koma. Na so in gaya mata garinmu ba haka yake kullum ba, akwai biki, akwai kasuwa, akwai mata masu koyarwa irina. Na so kuma in gaya mata ni ma labarin ya hana ni sukuni. Kalmomina na Italiyanci ba su wuce na gaisuwa da sayen burodi ba. Sai na zauna kusa da ita muka ƙarasa kallon tare.

Aikin kuma ya ƙi. Funfunata ta rayu a haske, yadda ake so. Amma ta rayu a duhu ma, ta yi ɓul-ɓul a kan gubar kamar an ba ta taki. Na sake, haka. Muka zargi ƙofa, muka liƙe duk wata kafa, muka naɗe faifan ninki-ninki. Haka dai. Farfesa ta fara gajeren haƙuri, ta ce wataƙila hannuna ne. Lin ta yi da nata hannun, ita ma haka ta samu. Na ji daɗi a ɓoye, Allah ya yafe mini.

Wata rana muna jan ɗakin Lin tana duba nata aikin, ta ba ni wani dogon bututun gilashi in riƙe mata. An shuka funfuna a bakinsa ɗaya, tana tafiya zuwa ɗaya bakin. Da na ɗaga shi saitin fitila sai na ga ba bai-ɗaya ta tafi ba, ta yi tudu, ta yi kwari, ta yi tudu, kamar kunyoyin gero. Na tambaye ta mene ne wannan. Ta ce kowane tudu safiya ɗaya ce. Na ce ai a duhu take, ina ta ga safiya? Ta ce tana da agogonta a ciki, ko ba rana tana ƙirga kwana.

Na daɗe ina juya bututun. Na ce, to in dai ta san safiya ba tare da rana ba, anya makunnin namu ba ya buɗewa da kansa duk safiya? Lin ta ce ba ta sani ba, amma gwadawa ba wuya. Farfesa ta ɗaga kafaɗa ta ce mu gwada. Muka riƙa ɗiban funfunar duhu, wata da safe wata da yamma, muka auna ko ƙwayar gadon tana aiki. Sakamakon a jikin wani fim yake fitowa, irin na hoton ƙashi. Da muka ɗaga shi sama, na safe duk sun yi baƙin tabo, na yamma da ƙyar ake ganinsu. Ashe makunnin hannu biyu ke taɓa shi, na haske da na agogo. Wannan ɗan buɗewar na safiya shi ke ba ta abin da take tsira da shi. Farfesa ta daɗe tana kallon fim ɗin, tabarta ta cinye a hannu ba ta zuƙa ba. Ta ce yanzu sai mu riƙa datse makunnin kaɗan-kaɗan, har mu cire inda agogo ke kamawa mu bar na haske.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana. Na datsa shi tsayi daban-daban, ina kwana ina tashi da tunaninsa. Saura in shuka su in gani, sai wata Asabar na ji muryar Baban Ummi ta sauya tun daga sallama. Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. An kwantar da ita a asibiti, an sallamo ta. Ummi kuma an kai ta Aujara, gidan Baffa.

Ya ce, "Ba zan ce ki dawo ba, Maman Ummi. Amma Inna tana tambayar ki."

Farfesa ta yi faɗa da na gaya mata. Ta ce kullum haka ne, mace ake kira gida, ba a taɓa kiran namiji ba, kuma saura ƙiris a ga ƙarshen abin. Na ce ba kira na aka yi ba, uwata ce. Ta fita ta bar ni a tsaye. Da ta dawo ta riga ta yi waya an sauya mini ranar jirgi. Safiyar da zan tafi na shiga jan ɗakin na shuka su duka, kowanne faifai biyu, ɗaya na haske ɗaya na duhu, na rubuta lamba a murfi, na damƙa wa Lin. Na ba Farfesa lambar shagon wayar, muka tsayar da Asabar ɗin da za ta bugo. Nonna ta tura mini tukunyar nan mai jan zare a jaka, ta ƙi sauraren maganar nauyin kaya.

Na tarar da Inna da rai. Bakinta ya karkace, amma ta gane ni, ta kama mini yatsa da hannun da ke motsi. Ummi ta ɓuya a bayan matar Baffa, sai da aka kwana biyu kafin ta yarda na goya ta. Baffa kuwa, da na durƙusa gaishe shi ina jiran faɗa, cewa ya yi madalla da dawowa lafiya. Sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne a can rana tana faɗuwa tun la'asar, kuma yaya mutane suke yi da salla. Muka daɗe a kan wannan. Italiya dai ban sake komawa ba, jinyar Inna ta ɗauki shekaru.

Ranar Asabar ɗin muka je shagon waya ni da Baban Ummi. An cika, mutane a benci kowa yana jiran layinsa. Da wayar ta yi ƙara mai shagon ya miƙo mini. Muryar Farfesa tana zuwa tana ɗaukewa. Ta ce masu dogon makunni duk sun rayu a duhu kamar da. Mafi gajarta kuma ya mutu ko'ina, an datse shi da yawa. Amma akwai ɗaya a tsakiya. A haske ya cika faifai. A duhu ba ko ɗigo. Lin ta sake shukawa da kanta, haka ya sake yi.

Na ajiye kan wayar, na juyo wurin Baban Ummi, bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, "Ta mutu! Alhamdu lillahi, ta duhun ta mutu."

Wata mata ta fara salati. Wani dattijo mai farin gemu da ke bakin benci ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, amma yana kallona da mamaki, don bai taɓa ganin an karɓi rasuwa da fara'a haka ba. Ya tambayi Baban Ummi wace ce.

Baban Ummi ya sosa ƙeya ya ce, "Funfuna ce, Baba."

Dattijon ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya matsa ya ba ni wuri a bencin, ya ce shi dai yau sai ya ji yadda aka yi funfuna ta samu mai bugo mata waya daga Turai. Na zauna na faro masa daga totuwar masara, na bi da jan ɗaki, da fitila, da bututun nan mai kunya-kunya. Layinsa ya zo, ya ce na bayansa ya shiga. Da na kai aya ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, "To 'yar nan, na ji ta haske. Ita wadda ke cikin duhun, wa yake gaya mata gari ya waye?"

Na ce, "Baba, wannan ita ce tambayar da ban samu zama na ji amsarta ba."